Ba Kafin Maris Ba

Zuwa ga Leandro, mijina, iskar tekun da ke sanyaya mini wuya da la'asar, ruwan farko bayan dogon fari, hasken da na biyo har na baro garinmu Monterrey da dangina kaf, na tare a garin Brownsville. Ya kai mai idanu kamar ruwan tafkin Laguna Madre idan iska ta kwanta! Na zaɓi in rubuto ne saboda takarda kaɗai kake bi har ƙarshe, ita ma sai ta yi kama da rahoton gwaji.

Ka tuna yammacin nan a bakin teku, kafin aurenmu? Ka ɗaga kwalbar lemon da na sha rabi, ka kifa ta, ka ce a sararin samaniya ruwa bai san sama da ƙasa ba. Haka man kumbo yake yawo cikin tanki dunƙule-dunƙule, sai an ɗan tura kumbon a hankali kafin man ya taru wuri ɗaya, a iya ɗura wa wani. Ka ce ranar da kumbo ya sha mai daga ɗan'uwansa a can sama, hanyar zuwa duniyar Mars ta buɗe ke nan. Ni da nake koyar da wannan a jami'a, na zaro ido kamar ban taɓa ji ba. Wayyo so, mai mayar da malama 'yar aji ɗaya!

A kamfanin rokar da kake aiki ba a sa rana. Ba ku cewa roka za ta tashi ran kaza, sai dai "ba kafin ran kaza ba". Magana ce mai tsabta: ba ta taɓa zama ƙarya, ba ta taɓa zama alkawari. Na sha yi mata dariya, har ranar da ka shigo da ita ɗakinmu. Na ce ina son haihuwa, ka sumbaci goshina ka ce, "Ba kafin Maris ba, sarauniyata, bari gwajin ɗurin man ya wuce." Maris ya zo, wani bawul na tankin man ya cije. Wani Maris ɗin ya zo, aka sake fasalin tankin. Kuma ba ka yi mini ƙarya ba, zumata, ko sau ɗaya! Ina zan kai ƙarar mutumin da bai yi ƙarya ba?

Ranar Kirsimeti muna naɗe tamales, ƙullun masara a cikin ɓawonta, mahaifiyarka Doña Chela ta nuna ka da cokali ta ce mini, "'Yata, wai wannan ne zai kai mutane wata duniya? Mutum ɗaya tal ya kasa kawo mana wannan!" Kowa ya fashe da dariya, har kai. Ni na fi kowa, don in na tsaya wani abu ne zai fito.

Kai da bakinka kake cewa man da ke jira a sama ba ya jira kyauta. Duk rufin da aka yi wa tankin, rana na taɓa shi, yana tafiya tururi kaɗan-kaɗan, in an makara a tarar da tanki mai sheƙi, fayau. Ramewa kake saboda lissafin wannan asarar. Tauraron asubata, ka taɓa yi wa matarka irin wannan lissafin? Likitata ta yi. Ita ba ta iya yarenku ba. Ba ta ce "ba kafin" ba, cewa ta yi "ba bayan bana ba".

Ban hana ka Mars ba. Wataƙila ma a je, a kafa tuta a jar ƙasar da ba tsuntsu, ba ruwan sama. Amma su wa za su je? 'Ya'yan waɗanda suka koma gida da wuri.

Ka ba ni rana, Leandro. Rana mai suna, wadda ke cikin wata, wadda iska ba ta ɗagawa.

In ka ƙi, kada ka ji tsoron zan tafi. Ina zan je, zuciyata na aljihun rigarka? Zan zauna. Zan ci gaba da haɗa maka kofi, in tafa tare da sauran matan idan rokarku ta tashi, in tsufa a gefenka cikin ladabi, kuma ba zan ƙara tayar da maganar nan ba har abada. Wannan shirun za ka aura karo na biyu, shi kuwa ba ya sakuwa.

Taka, da ɗa ko babu,
Maritza