Keke Biyu a Hanyar Gwiwa

Roni, 14 ga Oktoba

Zuwa ga uwargidana Rahamatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Zaituna da maigidanta da jaririya. Yaya jego? Yaya kuma ciwon bayan nan naki? Ni lafiya ƙalau, ina shan maganin hawan jinina safe da yamma, ban tsallake ko sau ɗaya ba.

Kin ga Roni a saman takardar nan. A keke na zo. Na san da a waya na faɗa miki ba za ki bar ni in kai ƙarshen maganar ba, shi ya sa na rubuto. Sama'ilu, wanda muka yi aikin malamin gona tare, a gidansa muka sauka, kuma shi zai kawo miki takardar gobe idan ya shigo Dutse.

Ga yadda aka yi. Ranar Litinin na leƙa rumfar Sunday mai gyaran keke, na tarar yana zuba kayan aikinsa a buhu. Ya ce ɗansa Wisdom zai zo ƙarshen wata ya mai da shi gida Zonkwa, ya tashi ke nan. Shekara talatin da huɗu, Rahamatu, tun ina sabon ma'aikaci yake yi mini faci. Na tambayi dalili, ya ce tsufa ne kawai. Sai ya yaye wani tamfol ya nuna mini keke biyu da ya harhaɗa da hannunsa, masu faffaɗan taya da giya, irin waɗanda burji ba ya ba su tsoro. Ya ce tsawon shekarun nan yana gyara ɓarnar da hanyoyin Roni da Gwiwa suke yi wa kekena, yana jin labarinsu a bakina, amma bai taɓa taka su ba. Yana so in kai shi kafin ya tafi. Ke da kanki kin ji likita ya ce in riƙa motsa jiki. Ban iya ce masa a'a ba.

Mun tashi bayan na yi asuba, muka bar kwalta tun ba mu yi nisa ba. Da kin ga ƙasar nan yanzu! Duwatsu sun yi kore har bisa, an yanke gero an jingine, mata suna tsinkar gyaɗa a inuwar ɗorawa. Hawan farko ya kusa raba ni da numfashina, na sauka na tura, ban ji kunya ba. Amma da muka juya gangare, tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashin taya, iska tana cika mini riga, sai na ji ina dariya ni kaɗai kamar yaro. Rabon da in ji haka tun kafin in yi ritaya.

Sunday kuwa ya zo da wasu ɗabi'u. Ya dage sai in sa farar riga, kuma ni ne a gaba kullum, shi yana manne da ni har tayarsa tana shafar tawa. Komai sai ya tambaya, mene ne can, wane itace ne wancan. Na riƙa tsokanarsa da baƙon ƙauye.

Ki gaida kowa. Kada ki tayar da hankalinki, a hankali muke tafiya.

Naki,
Muhammadu Lawal

Gwiwa, 16 ga Oktoba

Rahamatu,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Na ga kiranki har sau shida da muka hau tudu waya ta kama. Na san Sama'ilu ya iso ke nan. Ki yi haƙuri, zan kira, amma akwai abin da ba zan iya faɗa da baki ba, ga Sunday yana zaune kusa da ni.

Jiya da hantsi muka gangara wani kwari da rafi ya ratsa. Ruwan ya ja baya, sai yashi da duwatsu. Na kauce wa wani dutse mai girman turmi, wanda ko daga nesa ana ganinsa. Sunday bai kauce ba. Na ji ƙara a bayana, na waiwaya na gan shi kwance cikin yashi, hannunsa ya goge, jini yana zuba. Na wanke masa da ruwan gorarmu na ɗaure da rawanina. Da na ce ya miƙo mini famfo, ga shi nan gabansa, sai na ga yana lalube.

Nan ya gaya mini gaskiya. Shekara biyu ke nan idonsa yana rufewa. Na dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu hazo kawai yake gani. Faci ma da yatsa yake yi yanzu. Farar rigata yake bi tun daga Kazaure. Wani mai sayar da magani ya ce masa irin wannan ba ya warkewa, sai ya haƙura, ya gaya wa Wisdom ya zo ya ɗauke shi, ni kuwa ya ɓoye mini don kada in hana tafiyar.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Na yi masa faɗa irin wanda ban taɓa yi masa ba. Na ce da wuyansa ya karye me zan gaya wa 'ya'yansa? Na ce yanzu zan nemi ɗan acaɓa a mai da shi gida. Bai musa ba. Ya ce, "Malam, duk yadda ka yi daidai ne. Amma inda za ni, kujera ce take jira na."

Mun daɗe zaune a bakin rafin nan. Daga baya na tashi na miƙe masa kan kekensa da ya karkace, na ce to, sharaɗi ɗaya: ba gudu, kuma duk abin da na faɗa ya bi. Haka muka ci gaba. Ina gaba ina kira, rami a dama, yashi, birki, shanu suna tsallakawa. Wasu Fulani da muka wuce suka tsaya suna kallon tsofaffi biyu, ɗaya yana ta ihu kamar mai talla. Ɗaya daga cikin matansu ta dama mana fura, ta ƙi karɓar komai.

Da la'asar na kai shi kufan tsohon garin nan da nake ba ki labari, inda guntun ganuwa yake tsaye har yanzu tsakanin kukoki. Na kama hannunsa na ɗora a kan ginin. Ya shafa, ya shafa, ya ce magina na da ba su da ha'inci. Na zana masa kwarin da ke ƙasa da baki, fadama da rake da giginya, har da mangwaron da muka raba wa manoma dashensa ina saurayi, yanzu sun zama manyan itatuwa. Wallahi shekaru na yi ina bin wurin nan, ban taɓa kallonsa sosai ba sai da ya zama dole in faɗa wa wani.

Gobe za mu juya gida in Allah ya yarda. Ki sa mu a addu'a.

Mijinki,
Lawal

Kazaure, 20 ga Nuwamba

Uwargida Rahamatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da mai jego da takwararki. Faɗan da kika yi mini a waya na karɓa duka, na cancanta. Shawarar da kika kawo a ƙarshensa kuma ita ce ta yi aiki, Allah ya saka miki.

Wisdom ya zo da mota kamar yadda aka shirya. Na zaunar da shi a zaure na gaya masa abin da kika ce, kada a yanke wa ido hukunci likitan ido bai gani ba. Yaron yana da hankali, nan da nan ya yarda. Uban ne ya yi taurin kai, wai yana tsoron wuƙa. Na ce mutumin da ya gangara kwarin Gwiwa ba ya gani, shi ne zai ce mini yana tsoro? Sai ya tashi ya shiga mota.

A asibitin ido na Kano suka duba suka ce yanar ido ce, kuma ana cire ta. Na hagu aka fara yi. Na dama sai bayan wata biyu, kuma sun ce kada mu sa rai sosai da shi, ya daɗe. Zonkwa dai zai koma, wannan ba ta canja ba, jikokinsa suna can. Amma sai an gama, don haka yana ɗakin zaurenmu kamar yadda kika ce, kuma yana cin tuwona ba ƙorafi, abin da ya nuna miki mutumin kirki ne.

Ina tsaye a gabansa ranar da aka cire masa bandeji. Ya ƙifta, ya ƙifta, hawaye yana zuba, ya dubi taga, ya dubi ɗansa. Sannan ya juyo ya ƙura mini ido, ya daɗe. Na matso, na ɗauka wata babbar magana zai yi. Sai ya girgiza kai ya ce, "Kai, Malam! Ashe haka ka tsufa?"

Har ma'aikaciyar jinyar sai da ta dafa bango don dariya.

An yi arba'in ranar Juma'a, to ki dawo haka nan. Ki gaida Zaituna da maigidanta, ki shafa mini kan yarinyar. Sunday yana gaishe ki da kyau.

Naki har kullum,
Muhammadu Lawal