Kunnen Bayan Katanga

Tsanyawa, farkon rani

Zuwa ga ƙanena Basiru,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya kai da Maryam da yara. Yaya Kano, yaya gareji? Mu nan sai godiya, ko da yake ka san yadda farin bana ya yi mana. Rumbu ya kusa ƙarewa tun ba a je ko'ina ba. Akori-kurar Baban Mairo ce kaɗai ke ciyar da gidan nan.

A kanta nake rubuto maka. Tun da aka kawo ni, a bayan katangar ɗakina take kwana. Ban san ko kusa ɗaya a cikinta ba, amma na san muryarta kamar ta 'ya'yana. To, muryar ta canja. Da safe in ya tayar da ita, sai ta yi ta tsuwa kamar ɗan tsakon da ya ɓata. Ƙarar yamma ta fi damuna: in ya taka birki a ƙofar gida, kamar ana wasa wuƙa a dutse. Jiya na leƙa bayan ya fita, na ga ɗigon mai daidai inda ƙafar baya take tsayawa.

Na gaya masa, ya ce mata ba sa rasa abin faɗa. Na ji haushi, mamakina kuma ya fi haushin. Mutumin da ke tsayar da loma don wata mota ta wuce a titi, ya ce filoginta ɗaya ya mutu! Kai ne bakanike, ka faɗa mini gaskiya ko da ɗaci.

Ka gaida Maryam. Taka,
Yaya Furera

*

Ƙanena Basiru,

Gaisuwa mai yawa, da fatan zazzaɓin Maryam ya sauka. Amsarka ta iso. Tsuwar safe ka ce fanbel ne, wato robar da ke juya fankar inji, da sauƙi. Amma ka ce birki ya cinye har ƙarfe na cin ƙarfe, mansa kuma yana zuba, kada ya sake ɗaukar mutane. Tun da na karanta, abinci ba ya shiga mini.

Yanzu na gano abin da ya hana shi kulawa, kuma kai kaɗai zan gaya wa. Basiru, Baban Mairo ba ya ji. Mairo ta durƙusa a bayansa ta gaishe shi har ta gaji, bai waiwayo ba. Kiran salla sai na taɓa shi. In ana magana bakin mutum yake kallo, in bai gane ba ya yi dariya. Ya san halin da yake ciki, ɓoyewa yake yi, don in maganar ta kai tasha, wa zai shiga motar kurma? Kunnensa ne jarinsa, da shi ya yi suna. Wallahi tausayinsa nake ji, haushin duk ya tafi.

Na rasa ta inda zan fara. In na ce kunnenka ya mutu, na tozarta shi. In na yi shiru, ranar kasuwa zai loda buhuna da mata da goyonsu ya nufi Shanono. Ka taya ni addu'a.

Yayarka,
Furera

*

Ƙanena,

Ina gaisuwa. Allah ya ji addu'armu, amma sai da ya nuna mana.

Ranar kasuwa Baban Mairo ya fita da lodi. A hanya garken shanu ya ratsa titi, ya taka birki ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Da giyar mota ya rage gudu, ya saka motar cikin wata gona. Ba wanda ya ƙwarzane, alhamdu lillahi.

Ya dawo da la'asar yana jan ta a hankali, ba kowa a ciki. Na kai masa tuwo bai taɓa ba. Can sai ya ce in je in zauna jikin katanga inda na saba. Ya fita ya tayar da ita, ya ɗan matsa, ya taka birki, sannan ya shigo ya tsuguna a gabana yana kallon bakina. Na faɗa masa duk abin da na ji, ina buɗe baki sosai. Bai ambaci kunne ba, ni ma ban ambata ba. Sai dai na ga idonsa ya kawo ruwa, na yi kamar hayaƙin murhu ne ya shige mu duka.

Malam Iliyasu, bakaniken bakin tasha, ya ɗaure wurin da ke zuba, ya ce za ta kai Kano in ba lodi ba gudu. Jibi muna tafe, in Allah ya yarda. Ka nemi kayan birkin tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka tambaya mana asibitin da ke duba kunne, amma ni za ka gaya wa. In za ka yi masa magana, ka tsaya ta gabansa.

Na ce muna tafe, don ya ce ba zai tuƙa ba sai da ni. Ya ce duk abin da na ji in taɓa hannunsa. Har na yi furfura ina sauraron motar nan ta bayan katanga. Jibi a gidan gaba zan zauna.

Ka gaida Maryam, ta ɗora tukunya da mu.

Taka har kullum,
Yaya Furera