Bargon da Kika Cusa Mini

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, da Baba da ƙannena. Yaya gwiwar taki?

Ni lafiya lau, kada ki damu. Yau kwananmu goma sha ɗaya muna tafiyar ƙasa cikin duwatsu da 'yan ajinmu, kowa da kayansa a baya. Ƙafafuna sun yi bororo, amma da sauƙi.

Abin da ya ishe ni shi ne bargon nan da kika sa na rantse ba zan kwana ko'ina ba sai da shi. Inna, mutanen nan har mariƙin buroshin haƙori suke yankewa don rage nauyi! Shekaranjiya ruwa ya yi mana duka, bargon ya jiƙe ya koma kamar mushen jaki. Kullum ni ne a baya, har sun laƙaba mini Kunkuru. Sau uku jagoranmu yana cewa in yar da shi, ina ƙi.

Don Allah ki daina sa ni rantsuwa. Ki gaida Baba, a sa ni a addu'a, saura kwana tara.

Bargon dai ya bushe, kuma har yanzu ƙamshin ɗakinki yake yi.

Naki,
Auta