Cittata Ba Ta Dillali Ba Ce

Baban Comfort,

Kana barci na fita. Jiya kana ofis dillalin nan na Darmanawa ya zo, wai kun gama magana a kan cittar da na nomo a Kachia. Wai tunda sojoji sun sauka farashi zai faɗi, gara in sallama masa. Abin da ya taya ko kuɗin taki bai kai ba. Na ce masa ni na yi noman, ni zan yi cinikin.

Na tafi kasuwar Dawanau in ji farashi da kunnena. Makullin sito yana hannuna. In ya dawo da motarsa, ka ba shi ruwa ya sha, ka ce mai cittar ba ta nan.

Ladi