Rufin Ɗakin Inna

Laraba da dare, Tasawa.

Yau na gama yaɓen rufin ɗakin Inna. Na bi shi da soso ina murzawa, har zanen ya fito kamar sawun ruwa bisa rairayi. Wuyana har yanzu bai juyuwa.

Baba Sule, wan marigayi mahaifina, mai gidan, ya shigo ya ɗaga kai. Ya ce, "Madalla! Nan amaryar ɗana za ta zauna. Uwarka ta koma Urafan wajen danginta."

Na ce, "Baba, don ita fa na yi."

Ya yi dariya. "Na sani. Shi ya sa na yi shiru sai da ka gama."

Inna ta tashi ta fara naɗe tabarmarta.