An Zare Wayar Babbar Kwamfuta

Laraba da dare, Oktoba 1998

Barci ya ƙi zuwa. Yau da azahar babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan ma'aikata ta mutu, ta biyun ta karɓi aikin da kanta, kamar yadda injiniyan da ya haɗa su ya ce za ta yi. Masu shigar da bayanai ko ɗago kai ba su yi ba. Ni ma sai da na dawo daga masallaci na ga fitilar ta farkon a kashe.

Na ɗauka matsalar wuta ce. Da na leƙa bayanta, sai na tarar an zare wayar, an naɗe ta tsaf. Ɓera dai ba ya naɗe waya. Mu biyu ke da makullin ɗakin, ni da Oga Hammajo.

Tun watan jiya yake cewa ta biyun zaman banza take yi, gara a rubuta ta lalace a fitar da ita. Ga shi ƙanin matarsa ya buɗe shagon buga takardu a Yelwa. Da yau aiki ya tsaya, da ya samu hujjar cewa ta biyun ba ta da amfani, ni kuma a ce ban iya aikina ba.

Da yamma ya leƙo yana murmushi. "Usmanu, ba matsala yau?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Ba abin da ya tsaya."

Nan take murmushin ya ɗauke. Ya ce gobe in kawo masa makullina.

Na ce to. Allah ya yafe mini in zargin banza nake yi, amma gobe sai na fara biyawa wurin mai yanka makulli kafin in shiga ofis.