Katin Ƙara Gudu na Kwamfutar Babanki

Zuwa ga 'yata Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Mu ma lafiya ƙalau, sai dai shirun gidan.

Saƙonki ya iso, wannan sabuwar na'ura mai fuskar gilashi. Allah Ya yi albarka. Amma ba zan ɓoye miki ba, Babanki ya ture ta gefe. Tun da ciwon shanyewar jiki ya ɗauke masa magana, yatsa ɗaya ne ke bin umarninsa, shi ma da rawa. In ya nufi harafi ɗaya a kan gilashin, uku ke fitowa. Tsohuwar kwamfutarsa kuwa madannanta manya ne, ya san su kamar yadda ya san haƙoransa. Ya danna, ita kuma ta faɗa da muryar nan tata mai kama da ta mai mura. Shekara huɗu da ita yake yi mini tsiya.

Yau kwana tara ke nan da kwamfutar ta mutu. Kwana tara ban ji kalma ɗaya daga gare shi ba.

Yayanki ya zo, ya leƙa, ya ce kayan da suka girme shi ba a gyara su, a kai bola. Na tuna masa cewa shekara talatin na yi ina gyaran rediyo da talabijin, kuma da ƙarfen dalmar nan aka yi masa wandon makaranta.

Na buɗe ta. Da na zare katin ƙara gudu, wanda Babanki ya sa mata tun kina goye, sai ta tashi. Amma ba tare da shi ba, sai ki dafa shayi ki shanye kafin ta furta "sannu". To, laifin na katin ne, kuma ni da shi ne.

Ki gaida yaran.

Mahaifiyarki.

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ga wasiƙarki. Kin ce in huta, idanuna ba na da ba ne. Gaskiyarki. Shi ya sa na ɗora tabarau biyu, nawa da na Babanki.

Kafasita uku ne suka yi yoyo, ƙananan gwangwanayen nan masu riƙe wuta. Ruwansu ya cinye siririyar hanyar tagulla guda a jikin katin. Na wanke wurin da sifirit da tsohon buroshin haƙori, na sa sababbi, na ɗinke hanyar da waya mai kaurin gashi. Garin haka na ƙona babban yatsa. A nan na ajiye ƙarfen dalmar, na shiga kicin na yi kukana, don kada Babanki ya gani. Tsoro nake ji, Auta, kada in zama ni ce na ƙarasa kashe masa murya.

Na mayar da katin, kwamfutar ta tashi. Sai zuciyata ta ce tunda na riga na shiga, me zai sa ya ci gaba da jiran kowace kalma? Na cire ɗan ƙarfen da ke ƙayyade wa ƙwaƙwalwar katin saurinta, na sa wanda ya fi shi. Ta yi gudu kamar an biyo ta, minti goma, sannan ta sandare. Na taɓa ƙwaƙwalwar, zafi kamar murfin tukunya.

Ana cikin haka Yayanki ya iso da mota da kwali, wai ya zo ya raba ni da wahala. Na ja kujera na zauna a bakin ƙofar ɗakin. Na ce masa in zai ɗauke ta, sai ya fara sa ni a kwalin. Ya tsaya yana jujjuya makullin mota. Daga baya na miƙa masa zarto, na ce tunda ya zo, ya yanko mini ƙarfe mai haƙarƙari daga matacciyar rediyo. Ya yanko, yana gunaguni. Na manna shi a kan ƙwaƙwalwar don ya sha zafin, na ɗaura 'yar fanka a gefe.

Washegari da hantsi muka turo Babanki a keken guragunsa gaban teburin. Ya daɗe yana kallonmu. Sannan yatsan ya sauka, kuma kafin ya ɗaga shi muryar ta fito.

Na zaci godiya zai yi. Cewa ya yi dalmar da na sa a kafasita ta biyu ta yi yawa, yana kallo tun jiya, ya rasa bakin faɗa.

Yayanki ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sai kuma na ga yana goge ido da hannun riga. Na ce wa Babanki in bai gamsu ba ya tashi ya gyara da kansa. Ya amsa mini. Ba zan rubuta amsar ba, kada yara su karanta.

Tun daga lokacin bai yi shiru ba. Ya ce ki zo ranar hutu, yana da magana da ke, kuma mai tsawo ce.

Taki har kullum,
Inna Mai Dalma.